Tsutsar Surukan Samson

A unguwarmu ta bayan tashar jirgi a Kafanchan, kowa ya san ranar da aka zo neman auren 'ya, uba ba ya magana. Zama yake yi a gefe ya sunkuyar da kai, wansa ko ƙanensa ya yi baki. Haka aka tarar, kuma babu wanda shiru na yini ɗaya ya taɓa kashewa.

To amma Samson ba a haife shi da shiru ba. Ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya, yana tsaye bakin layi da tuta ja da kore yana ba jirgi hannu. Jirgin ya daina zuwa, bakin Samson bai daina tafiya ba. In ka ce masa ina kwana, sai ka nemi wurin zama.

Da labari ya zo cewa mutanen Leonard, saurayin 'yarsa Roseline, za su taso daga wajen Jere a wata mai kamawa, sai Samson ya saka takalmi ya tafi gidan wansa Dickson. Ya same shi yana gyara ƙotar fartanya.

"Yaya, maganar nan ni zan yi ta."

Dickson bai ɗago ba. "Wace magana?"

"Ta auren Roseline. Mutanen nan Gbagyi ne. Kai iyakarka Zonkwa, nan ma jana'iza ta kai ka. Ni na yi aiki a layin Minna. Na san gaisuwarsu, na san zuciyarsu, na san cikinsu."

"Cikinsu."

"Tsutsa suke ci. Soyayya, da yaji. Babu girman da za ka yi wa Bagbagyi da ya wuce wannan. Ni zan ciyar da su abincin kakanninsu a tsakar gidana, su koma Jere suna ba da labari."

Gaskiyar maganar, sau ɗaya Samson ya taɓa cin abin nan. Wata mata ce ta miƙo masa ta tagar jirgi a cikin takarda, ya cinye kafin ya tambayi sunansa.

Dickson ya buga ƙotar da ƙasa, ya duba ko ta zauna. "To. In ka ba su, suka ci suka sa albarka, baki naka ne. In ba haka ba, wurin zamanka bayan tukwane, tare da mata."

"An gama," in ji Samson.

Matarsa Magdalene, wadda lambun bayan gida yake hannunta tun kafin a haifi Roseline, ta ji zancen tana tsinke alayyahu.

"Baban Roseline, in dole sai an ci, a aika Jere a sayo busasshiya."

"Busasshiya! In ba surukaina abin da ya kwana a buhu? Ɗanya za a kiwata a gidan nan, ta yi ƙiba."

"Ka san wadda ake ci?"

"Mutumin da ya bambance jirgin kaya da na fasinja tun daga hayaƙi, tsutsa ce za ta ɓace masa? Abin a launi yake. Kore, hanya a buɗe. Ja, tsaya. Mai zane-zane kuwa ta manya ce."

Ranar Lahadi bayan sujada, ana cikin sanarwa, Samson ya miƙe ya ce duk wanda tsutsa ta dama a lambu ya kira shi, zai zo ya duba ta, ya faɗi sunanta da asalinta, ya ɗauke ta kyauta. Damina ta yi tsakiya, tsutsa ta ishi kowa. Ba a taɓa amsa wata sanarwa da amin mai ƙarfi irin ta ranar ba.

Patricia maƙwabciyarsu ce ta fara kira. Ta kai shi gindin lemonta ta nuna masa wani abu baƙi da fari a kan ganye.

Samson ya sunkuya, ya gyara tabarau. "Maman Endurance, kin tashe ni a banza. Kashin tsuntsu ne."

Kashin tsuntsun ya ɗaga kai ya ci gaba da cin ganye.

"Ga shi yana kiwo," in ji Patricia.

"Gwada ki nake. Wannan ita ake kira mai ɓad da kama. A Minna sai mai uwa a gindin murhu yake samunta."

Ya kai yatsa ya taɓa ta. Ta fito da wasu ƙahoni biyu daga ƙeya, ta saki wari. Patricia ta ja baya tana toshe hanci da gefen zane.

"Kin ji ko? Da daddawarta take zuwa."

Daga ranar Samson bai ƙara raina baƙi da fari ba. Duk wanda ya gani a kan ganye sai ya kwashe cikin roba. Da ya kawo gida, Magdalene ta leƙa ta ce rabi ba ya motsi. Ya ce masu haƙuri ne. Sai da rana ta busar da su suka fara marmashewa, ya fita da robar ta ƙofar baya ba tare da ya yi sallama da kowa ba.

A gonar dankalin wani malamin makaranta aka nuna masa wata ƙatuwa koriya, kaurin babban yatsa, da ƙaho guda a tsaye. Mutane sun taru. Samson ya durƙusa ta gefen ƙahon ya yi bayani a kan goshinta da idanunta da irin kallon da take yi masa na sanin girma. Yana cikin bayani tsutsar ta kama tafiya, ƙahon yana bin ta a baya.

"Baba Samson, kamar fa wutsiya kake yi wa magana," in ji malamin.

"Malam, ka taɓa aiki a tasha? Jirgi ma yana ja da baya in zai sauya layi."

Nene, Bafulatanar da take kawo nono unguwar, ta tarar da shi a bayan makabarta yana tsintar wasu masu zanen baƙi da fari da rawaya daga jikin tumfafiya. Ta sauke ƙwarya ta tsaya kallo.

"Baba reluwe, lafiya?"

"Abincin baƙi nake haɗawa."

"Me baƙin suka yi maka?"

"Ke ba ki san wannan ba. Dubi rigarta. Yunifom ne."

"Ni dai ko akuyata ba ta cin tumfafiya."

Don ya rufe mata baki, Samson ya jefa wa wata kaza guda ɗaya. Kazar ta zo da gudu, ta karkata kai ta duba da ido ɗaya, ta juya ta duba da ɗayan, ta yi tafiyarta.

"Kin gani? Kaza ma ta san ba sa'arta ba ce."

Nene ta ɗauki ƙwaryarta. "Allah ya ba baƙi lafiya."

Kafin a jima, unguwa ta huta. Masara ta samu sauƙi, kabejin Patricia ya murmure, mutane suna aiko da tsutsa a gwangwani da leda da murfin tukunya, har daga Kagoro wani ya aiko da kwali a kan babur. Duk abin da aka kawo, Samson ya ba shi suna nan take, kuma sunan da ya ba wata da safe ba shi yake ba 'yar'uwarta da yamma ba.

Saura wurin kiwo. Magdalene ta tafi taron zumuntar mata a Kwoi, za ta kwana biyu. Samson ya shiga lambunta da igiya da turaku ya raba shi layi-layi kamar tasha. Layin alayyahu na koraye. Layin yakuwa na masu zane. Layin ganyen ugu na manyan baƙi. Ya zazzage kowace roba a layinta, ya tsaya da hannu a ƙugu ya gargaɗe su kada wata ta tsallaka.

Tsutsa ba ta san igiya ba. Na lemo suka shinshina alayyahu suka ƙi, suka kama katanga suka nufi gidan Patricia. Na tumfafiya suka bazu tsakar gida suna neman abin da suka saba. Sauran kuwa suka zauna suka yi aiki. Ganyen da Magdalene ta yi ta tattali don miyar baƙi, tun daga shuka har tsinke ciyawa da hannu, ya koma kamar tsintsiya.

Ta dawo da jaka a ka, ta tsaya a ƙofar lambu. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da abin ya zo da sauƙi.

"Baban Roseline."

"Sannu da hanya. Kin ga yadda suka yi kyau?"

"Ina alayyahuna?"

"Yana cikinsu. Bai ɓace ba, wuri ya sauya. Wanda ya ci tsutsar ya ci alayyahun."

"Fir'auna ma sai da ya yi wa Ubangiji taurin kai kafin a aiko masa da annoba. Ni me na yi?"

Washegari ta shanya zanen zumunta a kan igiya. Da ta ɗaura shi za ta tafi gwajin waƙa, ashe wata gizaka, irin mai gashin nan da ko yaro ya san ba a taɓawa, ta kwanta a cikin ninki. Magdalene ta kai ƙofar majami'a tana wata rawa da ba a koya musu ba. Matan zumunta suka ɗauka Ruhu ne, wasu har sun fara tafi.

Da ta dawo ta ce masa abu ɗaya: ko tsutsa ta bar lambun kafin rana ta faɗi, ko ita ta bar gidan, ya dafa wa surukansa da kansa.

Samson ya jawo tsohon akwatin ƙarfensa na reluwe daga ƙarƙashin gado, ya huda murfin da ƙusa, ya zuba ƙasa da ganye, ya kwashe dukiyarsa ya zuba. Har na lemon ya bi gidan Patricia ya dawo da su, yana yi musu faɗa a hanya. Kullum ya yanko musu ganye daga ko'ina. Suka ci, suka ci, sai wata safiya ya buɗe ya ga babu masu motsi sai kaɗan. Ya tona ƙasar ya tarar da wasu abubuwa masu tauri kamar ƙwallon dabino. Wasu kuma sun maƙale a jikin murfi sun bushe.

Roseline tana tsaye a bayansa. "Baba, don Allah ka bar abin nan. Leonard ya ce shi ko a gidansu bai cika ci ba."

"Kunya yake ji. Yaron kirki ne."

"To ina suka tafi?"

"Ƙiba ce ta kwantar da su. Haka ake so. Kada wanda ya dame su."

Don kada akwatin ya yi wa baƙi kaɗan, ya bi bayan katanga ya tsinto gizaka da cokali ya ƙara. A ka'idarsa ta launi gizaka ba ta da layi, sai ya ce gashin alamar tsufa ne, tsufa kuwa daraja ne. Ya sa kwaɗo ya rataya makullin a wuya.

Ranar ta zo. Mutanen Jere suka iso kafin azahar a mota ɗaya, kawun Leonard mai suna Baba Gilbert a gaba, dattijo mai farar hula da magana a hankali. Aka shimfiɗa musu kujeru a gindin mangwaro, aka kawo kunu. Magdalene ta tuƙa tuwon acca, miyar kuwa da ganyen da Patricia ta ba ta, tun da yanzu a unguwar kowa yana da ganye sai ita. Dickson ya zauna da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Maƙwabta suka cika bakin katanga, don babu wanda bai ba da gudummawar tsutsa ba, kowa yana son ya ga ƙarshen tasa.

Samson ya fito da kwat ɗin reluwe, maɓallai a goge. Ya sa aka kinkimo akwatin aka dire a tsakiyar fili, yadda ake nuna rago kafin a yanka.

"Surukaina," ya ce, "kafin a ce komai, ku ga abin da na tanadar muku da rai."

Ya cire kwaɗo ya ɗaga murfi.

Abin da ya fito ba ya rarrafe. Fukafukai ne. Malam-buɗe-littafi baƙi da rawaya, malam-buɗe-littafi ja, da wasu ƙatti masu toka-toka da suka tashi kamar jemage suna zubar da gari. Ɗaya ta bugi Samson a tabarau. Biyu suka faɗa cikin kunun baƙi suna iyo. Wata ƙatuwa ta sauka a kan farar hular Baba Gilbert ta buɗe fukafukai ta zauna. Kajin gidan da suka daɗe suna zagaya akwatin nan suka ga ranarsu ta zo, suka bi ta ƙarƙashin kujeru da kan cinyoyin baƙi. Zakara ya tsallake Dickson. Wata gwaggon Leonard ta ɗaga ƙafafu sama tana kiran sunan Yesu.

Daga bakin katanga Patricia ta ce, "Waccan mai rawaya tawa ce."

Da ƙura ta lafa, Baba Gilbert ya cire hula a hankali, ya hure abin da ke kai, ya mayar.

"Mun gani," ya ce. "Mun gode."

Samson ya leƙa cikin akwatin. A ƙasa babu abin da ya rage sai gizaka, sun dunƙule a kusurwa kamar gashin da aka share daga shagon aski.

"Marasa nauyi sun tafi," ya ce. "Manyan sun tsaya. Maman Roseline, kawo kasko."

"Kaskona bai yi maka laifi ba."

Ya ɗauko murfin wata tsohuwar tukunya, ya hura wuta a gefen fili da itacen da ruwan jiya ya jiƙa. Hayaƙi ya fi wuta yawa. Ya zuba manja ya juye gizakar ya juya sau biyu, ido yana hawaye, ya ga baƙi suna jira, ya ce ai irin wannan ba a so ta soyu da yawa. Ya barbaɗa yaji ya juye a farantin tangaran na Kirsimeti, ya kai gaban Baba Gilbert da hannu biyu.

Dattijon ya daɗe yana kallon farantin. Ya juya ya yi wa Leonard magana ƙasa-ƙasa, amma filin ya yi tsit, kowa ya ji.

"Ba ka gaya mana suna da wannan al'ada ba."

"Kawu, ni ma yau na gani."

Baba Gilbert ya gyara zama. "Suruki, mu dai ta bishiyar kaɗanya muka sani, ita kuma ba ta da gashi. Amma kowane gari da nasa, ba mu zo raina abincin kowa ba. In sai an ci wannan ake ba da mata a nan, yaronmu zai ci."

Leonard ya rufe ido, ya miƙa hannu. Roseline, wadda ya kamata a ce tana ɗaki tana jin kunya, ta fito kamar an harbo ta ta buge hannun da ludayi.

"Sai dai a wajenmu," dattijon ya ci gaba kamar bai ga komai ba, "mai gida ne yake fara sa hannu."

Ido ya koma kan Samson. Na baƙi, na Dickson, na bakin katanga har da Nene da ƙwaryarta a ka. Mutum mai hankali a nan zai ce wasa yake, a kawo tuwo. Samson ya zaɓi wadda ta fi girma, ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya jefa a baki. Ya tauna. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya tuna ƙuruciya. Don kada a ce tsoro ya ji, ya ƙara ta biyu, ya goge baki da bayan hannu.

"Minna sak," ya ce.

Ita ce kalmarsa ta ƙarshe a ranar.

Leɓen sama ne ya fara. Na ƙasa ya ga an bar shi a baya ya biyo. Kafin a kwashe kofunan kunu, bakin Samson ya yi gaba ya bar fuskarsa, idanu suka shige ciki suna ruwa. Yana zaune a miƙe cikin kwat, hannu bisa gwiwa, yana sosa haɓa da kafaɗa a ɓoye.

Dickson ya dube shi sama da ƙasa. "Baƙi ba su ci ba. Amma ka yi ƙoƙari, ƙanena, ba zan hana ka ba. Ga fili. Yi magana."

Samson ya miƙe. Jawabin da ya yi ta haddacewa a bayan gida, da tarihin reluwe da na kakanninsa a ciki, yana nan cikin kansa tsaf. Ya ɗaga hannu ɗaya, ya ja numfashi.

"Bub," in ji shi.

Ya sake gwadawa. Wannan karon yawu ne ya fito.

Magdalene ta zo ta kama hannun kwat ɗin ta ja shi bayan tukwane, ta zaunar da shi a kan turmi, ta dangwara masa ƙwaryar nonon Nene a cinya ta ce ya tsoma bakin a ciki. Nan ya zauna, tsakanin gwaggwanni da masu wanke-wanke, yana leƙen taron ta saman ƙwarya.

Dickson ya yi magana yadda aka saba, gajeriya. Ya tambayi abin da ya kawo su, suka faɗa. Aka kira Roseline aka tambaye ta ko ta san mutanen nan, ta ce ta sani, ludayin yana hannunta har lokacin. Aka yi addu'a, aka ci tuwon acca aka siɗe kwano. Farantin tangaran yana nan a tsakar fili, kaji suna zagaye shi daga nesa.

Da baƙi za su tafi, Baba Gilbert ya ce sai ya yi sallama da uban yarinya. Aka kai shi bayan tukwane. Ya kama hannun Samson da hannu biyu.

"Suruki, na je neman aure gidaje da yawa. Iyayen zamani ba sa iya riƙe bakinsu, sai sun tsoma. Amma kai, tun da aka fara maganar 'yarka har aka gama, ko tari ba ka yi ba. Irin wannan gida ake nema."

Samson ya ɗago daga ƙwarya, nono yana ɗiga daga leɓe, ya buɗe ido iyakar yadda za su buɗu. Ga amsa cike da ciki, babu ƙofar fita.

"A bar shi, Baba," in ji Magdalene. "Yabo yana sa shi kunya."

Motar ta tashi, mutanen katanga suka watse suna gardamar ta wa ce ta hau hula. Magdalene ta ɗauki farantin da tsumma za ta zubar a rami, sai ta tsaya. Ta leƙa ta kan katanga.

"Maman Endurance, irin mai gashin nan, akwai saura a bayan gidanki?"

"Sun cika gindin gwaiba. Gobe zan sa musu wuta."

"Kada ki ƙona duka," in ji Magdalene. "Biki yana nan zuwa."